Kafin Ɗalibi Ya Raba Takardar Tambayoyi: Fashin Baƙi Kan Koyar da Falsafar Ilimin Zamantakewa a Kano

A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina ɗan aji huɗu ya shigo ofis riƙe da furojet ɗinsa, fuska cike da fara'a, don a ganinsa aiki ya ƙare. Bincikensa kan rashin aikin yi ne tsakanin matasan Fagge. Ya raba takardun tambayoyi, ya tattaro su, ya zana jadawali, sakamako ya nuna mafi yawan waɗanda ya tambaya ba su da aikin yi.

Na ce, "A ina ka same su?"

Ya ce, "A Kantin Kwari, Malam. Nan ne matattarar matasa."

"To da ka same su, me suke yi?"

Sai ya shiga lissafi. Wani yana sauke dilar atamfa daga mota, wani yana bakin layi yana tarar baƙi ya kai su shago a ba shi la'ada, wani yana ɗaure kayan da za a kai tasha, wani kuma yana zaune da na'urar cirar kuɗi a kan ɗan tebur ƙarƙashin lema.

Na ce, "Duk waɗannan su ne marasa aikin?"

Ya yi jim, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ai su suka faɗa da bakinsu."

Gaskiya ya faɗa, su ma ba ƙarya suka yi ba. A kunnen matashin Kano, musamman wanda ya yi boko, aiki shi ne na ofis da albashi a ƙarshen wata. Abin da yake yi a Kwari sana'a ce, ko buga-buga, ko "muna dai taɓawa". Takardar ta yi tambaya da ma'ana ɗaya, an amsa ta da wata ma'anar, aka haɗa aka raba aka fitar da kaso, babu wanda ya lura. Wannan yaro ya ci jarrabawar falsafar ilimin zamantakewa da maki mai kyau a aji uku. Ya haddace sunayen malamai da shekarunsu. Amma a ranar da darasin zai yi masa amfani, bai ko tuna da shi ba.

Kada a ɗauka matsalar ta ɗalibai ce kaɗai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta fitar da alƙaluman farkon 2023, sai ga shi kashi 4.1. Ba masana'antun Sharaɗa da Bompai ne suka farfaɗo a tsakani ba. Ma'anar kalmar aka sauya. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon tsari, wanda ya yi daidai da ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ko awa ɗaya ka yi cikin kwana bakwai kana neman kuɗi, kai mai aiki ne. Kowane ma'auni yana da hujjarsa, kowanne yana da abin da yake ɓoyewa. Wanda bai san haka ba, ko dai ya haɗiye lambar yadda aka ba shi, ko ya ce duk ƙarya ce. Dukkansu biyun ba su fahimci abin da ya faru ba.

To mece ce falsafar ilimin zamantakewa? Fannonin da ke nazarin zaman mutane, wato nazarin al'umma, kimiyyar siyasa, tattalin arziki, aikin jarida da makamantansu, kowanne yana fitar da hukunci: talauci ya ƙaru, wannan ne ya jawo wancan, jama'a sun fi son kaza. Ita falsafar sai ta koma ƙarƙashin waɗannan hukunce-hukunce ta duba tubalin da aka ɗora su a kai. Abin nan da kake aunawa, mene ne shi tukuna? Ta yaya ka san abin da ka ce ka sani? Da ka ce abu kaza ya jawo abu kaza, mece ce shaidarka ban da cewa sun zo tare? Ra'ayinka da aƙidarka sun shiga aikin ko ba su shiga ba? Wanda ya yi karatun zaure zai gane abin da sauri, domin kusan matsayinta ɗaya da na usulu a wajen fiƙihu: ba ita ke ba da fatawa ba, ita ke duba hanyar da aka bi aka kai ga fatawar.

Abin takaici, yadda muke koyar da ita ya mayar da ita jerin sunaye. Malami ya shigo babban ɗakin lakca, na baya ba sa jin muryarsa, ya karanto handawut: wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa. Ɗalibi ya haddace, ya juye ranar jarrabawa, ya karkaɗe hannu. In ya zo babi na uku na furojet, inda ake bayanin hanyar bincike, sai ya ɗauko na wanda ya gama bara ya kwafe. Ni ma na yi shekaru ina koyarwa a haka kafin na gane cewa ba darasin ne ke da tauri ba, misalanmu ne suka yi nisa da ɗalibi.

Akwai kuma shingen da ya kamata malami ya fara cirewa a Kano tun ranar farko, shi ne tsoron kalmar falsafa kanta. Da yawa daga ɗalibanmu sun taso suna jin cewa falsafa ƙofar ɓata ce. Bai kamata a yi wa wannan tsoro dariya ba, domin yana da tushe a saɓanin da manyan malamai suka yi. Amma tarihin garin nan yana da amsa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a ilimin mantiƙi, har ya aika wa Imam Suyuɗi baitoci yana kare halaccin koyonsa. Ilimin tantance hujja ya riga Turawa zuwa Kano da ɗaruruwan shekaru. Ga kuma malaman hadisi, da ba sa karɓar labari sai sun binciki wanda ya kawo shi, da wanda ya ji a wajensa, da ko sun taɓa haɗuwa.

Shi ya sa nake fara darasi da Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya yi alƙalancin Malikiyya a Alƙahira, ya rasu a can a 1406. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya jero dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari: son zuciya ga wata mazhaba ko ra'ayi, yawan amincewa da mai kawo labari, rashin gane manufar abin da aka gani, neman fada a wajen masu mulki. Sai ya ce wanda ya fi su duka shi ne jahiltar ɗabi'ar zaman jama'a. Ya kawo misali da ruwayar Mas'udi da wasu cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Ya ce a tsaya a yi tunani: Farisa da ta fi su girman daula nesa ba kusa ba, abin da ta iya tarawa a Ƙadisiyya 120,000 ne. Wace ƙasa ce za ta ciyar da waccan runduna, wane fili ne zai ɗauke ta? Ma'ana, ingancin mai ruwaya bai isa ba, sai a auna labarin da abin da zai yiwu a zaman mutane. Na sha ganin yadda aji ke nutsuwa in an zo nan. Daga nan in na ɗora musu ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, sai su fara tambayar da ta dace: da wace shaida ta daban za a gwada lambar? Sai ka ji wani ya ce rajistar zaɓe, wani ya ce yawan gidaje, wata ta ce ɗaliban firamare, wani kuma ya tashi ya nuna raunin kowacce.

Babbar gardamar fannin ita ce ko za a iya nazarin mutum kamar yadda ake nazarin dutse da ruwa. Auguste Comte na Faransa, wanda ya raɗa wa nazarin al'umma suna a shekarun 1830, ya ce ƙwarai kuwa, a lura, a auna, a fitar da dokoki. Emile Durkheim ya nuna abin a aikace a 1897. Ya ɗauki kisan kai na wanda ya kashe kansa, abin da kowa ke gani sirri ne tsakanin mutum da zuciyarsa, ya nuna cewa adadinsa a kowace ƙasa ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara, ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa ga marasa aure fiye da masu iyali. Ya ce abin da ke bayan wannan shi ne ƙarfi ko raunin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Akwai gaskiyar da ba za ka taɓa gani ba in kana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ka tara su ka ƙirga. Ina jaddada haka domin wasu malamanmu sun mayar da sukar masu awo da ƙirge ado, har ɗalibi ya fita yana raina lissafi, alhali dalilin rainin bai wuce tsoronsa ba.

Max Weber na Jamus, wanda ya rasu a 1920, ya dubi abin ta wata fuska. Ya ce ka ga mutum yana faskare. Idonka ya ga gatari da icce, amma bai gaya maka ko lada yake nema, ko girkin gidansa yake tanada, ko fushi yake hucewa ba. Motsin ɗaya ne, aikin uku ne. Dutse ba shi da niyya, mutum yana da ita, saboda haka bayanin aikin mutum bai cika ba sai an kai ga ma'anar da shi mai aikin ya ba shi.

A nan Kano tana da misalin da ya fi na kowane littafi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. Mai takardar tambayoyi da ya zo daga nesa zai iya fitar da jadawali ya nuna cewa ƙin rigakafi ya fi yawa inda boko ya yi ƙaranci, ya rubuta "jahilci" ya rufe littafi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zauna a zaure ya saurara zai ji an ambaci 1996, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Zai ji uba yana cewa: ɗana na zazzaɓi na kai shi asibiti an ce in sayo magani, amma wannan ɗigon ana biyo ni da shi har gida kyauta, me ya sa? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Fahimtar wannan ba ta nufin ka yarda cewa ɗigon rigakafin na da illar da ake zarginsa da ita. Bincike ya tabbatar ba shi da ita, dakatarwar kuma ta jawo yara da yawa sun shanye a nan da wasu ƙasashe. Abin da take nufi shi ne ka gano cewa amana ce ta karye, kuma ba a ɗinke amana da ƙarin fosta. Sai da aka jawo sarakuna, hakimai, masu unguwanni da malamai cikin aikin sannan ƙofofi suka buɗe. Har sunan cutar ma darasi ne: "shan inna" yana ɗauke da tsohon bayani cewa wata iska ce ke shanye ƙafar yaro. Mai binciken da bai ji wannan a cikin kalmar ba, akwai rabin zancen da ya wuce shi.

Ina son ba su labarin rumbu. Evans-Pritchard, Baturen Ingila da ya zauna da ƙabilar Azande a yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu, ya rubuta a 1937 cewa rumbu kan faɗo wa mutanen da ke hutawa a inuwarsa, sai Azande su ce maita ce. Ya ce kada a ɗauka ba su san gara ce ta ci ƙafafun rumbun ba. Sun sani sarai. Tambayarsu daban ce: me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da wane yake zaune a ƙarƙashi? Ɗalibi Musulmi yana gane bambancin nan take, domin ya san sababi ya san ƙaddara, kuma ya san imani da ƙaddara bai hana a kashe gara ba. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, "Malam, to mu wacce tambayar ce tamu?" Na ce mata tamu ita ce ta gara, da kuma nazarin yadda mutane ke amsa ɗayar, da abin da amsar ke sa su aikata. In aka rubuta a furojet cewa mutuwar mata wajen haihuwa ƙaddara ce aka tsaya nan, an bar aikin da aka zo yi. In kuma aka rubuta cewa imanin mutane ne matsalar ba tare da an auna nisan asibiti da kuɗin mota ba, nan ma an bar shi.

Karl Popper, masanin falsafar kimiyya, ba ya buƙatar dogon bayani. A 1934 ya kawo hujjar da, in muka faɗe ta da misalin gida, ita ce: ko hankaka dubu ka gani da farin ƙirji ba ka tabbatar duk hankaki haka suke ba, amma guda ɗaya marar fari ya isa ya rushe maganarka. Don haka magana ta ilimi ita ce wadda ta faɗi abin da in an gan shi ta faɗi. Gwada wannan a majalisar shayi: "Manya ne ke juya komai." In abu ya faru, su suka so. In bai faru ba, su suka hana. Maganar da ba abin da zai iya ƙaryata ta, ba abin da ta bayyana. Kowane ɗalibi nakan tambaye shi kafin in sa hannu a takensa: wane sakamako ne in ka samu za ka yarda hasashenka kuskure ne? Da yawa a nan suke gane cewa sun riga sun rubuta babi na biyar, wato na kammalawa, a zuciyarsu tun kafin su fita fili.

Sai wani abu da babu shi a kimiyyar dutse: mutum yana jin abin da aka faɗa a kansa. Robert Merton ya yi bayaninsa a 1948 da misalin banki mai lafiya da jita-jita ta karya, domin kowa ya ruga cire kuɗinsa. Mu a nan da layin mai muka san shi. A ce gobe mai zai yi wuya, kafin magariba layi ya toshe titin Zariya, man da zai kai mako ya ƙare a wuni.

Inda na fi daɗewa da ɗalibai shi ne batun ra'ayin mai bincike. Taken furojet nawa ne ke farawa da "matsalar almajiranci"? An yanke hukunci tun a take. Wani kuma ya rubuta "gudummawar tsangaya", shi ma ya yanke nasa. Weber ya yarda cewa abin da ya dame ka shi ke zaɓar maka abin da za ka bincika, amma ya ce in ka shiga binciken, wajibi ne ka karɓi gaskiyar da ba ta yi wa ɓangarenka daɗi ba. Wasu suka ce abin ya fi haka zurfi, domin ma'aunan kansu a wani wuri aka ƙera su don wasu mutane. Claude Ake, masanin kimiyyar siyasa ɗan Najeriya, ya rubuta a 1979 cewa ilimin zamantakewar da Yamma ke shigo da shi Afirka wani salon mulkin mallaka ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi ta nuna cewa ba a fahimtar tarihin ƙasar Hausa da tabarau na ƙabila, Haɓe a nan Fulani a can, ya kuma koya wa ɗalibansa su tuhumi kowane marubuci, har da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya zo Kano a 1851: a gidan wa ya sauka, da bakin wa ya ji?

Amma kada ɗalibi ya ɗauki wannan ya mayar da shi hujjar lalaci, ya ce duk abin da Bature ya rubuta a zubar. Polly Hill Baturiyar Ingila ce, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, sannan a farkon shekarun 1970 ta yi a Ɗorayi, nan bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, lokacin wurin gonaki ne da manyan gidajen gandu. Ita ce ta rubuta a 1969 kan cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin gida, hatsi da ƙuli da mai da abincin sayarwa, yara na kai da kawo da tire a ka. Mai ƙirga rumfunan kasuwa zai rubuta cewa waɗannan mata ba su da sana'a. Ita ta gani domin ta zauna ta duba, ta ƙi yarda da ma'aunin da aka ba ta. Yau ɗalibinmu da aka yi masa kuɗin makaranta da ribar ƙosan mahaifiyarsa yana iya cike mata gurbi a takarda da "matar gida, ba ta aiki", don haka ya ga an tsara gurbin. Zama ɗan gari bai tsare shi daga kuskuren ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu gyara. Darasin ya daina zama tsibiri. A haɗa shi da darasin hanyoyin bincike, a sa kowane ɗalibi ya kawo take ɗaya tun makon farko, duk malamin da aka karanta a gwada maganarsa a kan wannan take. A bar ɗalibai su yi gardama da Hausa in Turanci ya ɗaure musu harshe, domin na sha ganin wanda ba ya cewa uffan a aji ya warware hujja tsaf da zarar an ce ya faɗa da harshen gida, daga baya a taimaka masa ya mayar da ita Turancin jarrabawa. Fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa ita kanta darasi ce babba: "iyali", "gida" da "gandu" ba abu ɗaya ba ne, "talaka" ba lallai matalauci ba ne, tunda asalin kalmar wanda ba shi da sarauta take nufi. Jarrabawa kuma ta rage "kawo ma'anar kaza", a ajiye wa ɗalibi jadawali ko rahoton jarida a ce ya nuna inda hujjar ta yi rauni. Na san cunkoson aji da yawan takardun da malami ɗaya ke dubawa suna sa wannan ya yi nauyi. Ko rukuni-rukuni aka raba su, ya fi haddar da ake yi yanzu.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na ce ya koma Kwari ya cire kalmar aiki daga takardarsa gaba ɗaya, ya tambayi kowa abin da ya yi ya sami kuɗi a makon da ya wuce, kwana nawa, awa nawa, nawa ya samu. Bai ji daɗi ba, domin abokansa har sun kai nasu wajen ɗauri. Bayan mako uku ya dawo da littafin rubutu duk ya yi datti, bai ko zauna ba ya ce, "Malam, akwai wani mai tarar baƙi, kullum yana kasuwa tun safe har magariba, amma a makon nan kwana biyu kawai ya sami la'ada. Awannin da ya yi a tsaye yana jira, in ƙirga su cikin aiki ko kada in ƙirga?"

Na jawo masa kujera na ce ya zauna, ya fara gaya mini abin da shi mai tarar baƙin yake kiran waɗannan awanni.